Amanar Ido: Yinin Da Na Riƙe Kyamara A Bikin Auren Yahudawa



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ido, Ya kuma yi masa murfin da zai rufe shi idan buƙatar hakan ta taso. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan uwana matasa, a wannan zamani namu da wuya a sami aljihu ko jakar hannun da babu kyamara a ciki. Iyayenmu sai sun ci ado sun tafi shagon mai hoto, ko sun aika an kira shi gida, kafin a ɗauke su. Mu kuwa kowannenmu ya zama mai hoto ba tare da ya durƙusa gaban kowa ya koyi ladubban sana'ar ba. An koya mana sallama kafin shiga gidan mutane, an koya mana kiyaye harshe, amma wannan idon ƙarfen da muke ɗagawa a kan fuskokin jama'a, kaɗan ne daga cikinmu suka tsaya suka yi tunani a kan haƙƙinsa. Ni dai inda na fi fahimtar nauyinsa wuri ne da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba, wato bikin auren wasu Yahudawa masu riƙo da addininsu a ƙasar Ingila, inda na yi aikin mai ɗaukar hoto ta biyu. Labarin wannan yini nake so in ba ku, da fatan Allah Ya sa mu amfana.

Yadda Aikin Ya Zo Hannuna

Lokacin da Allah Ya nufe ni da tafiya ƙarin karatu birnin Manchesta tare da maigidana, tsadar haya da ta abinci suka sa dole kowannenmu ya nemi abin yi. Dokar bizar ɗalibai ta yarda ɗalibin jami'a ya yi aikin da bai wuce awa 20 a mako ba a lokacin zangon karatu. Da yake tun ina gida ni ce mai ɗaukar hotunan walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu, sai na sami gurbi a wani ƙaramin shagon hoto na wani dattijon Bature da matarsa. Shi ke fita biki, ita ke zama gaban kwamfuta tana tace hotuna, ni kuma nakan raka shi idan taron ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2021 ta nuna cewa akwai Yahudawa kimanin 271,000 a Ingila da Wales, kuma in ka cire Landan, babu inda suka fi yawa kamar yankin Manchesta. A ƙarni na 19 unguwar Cheetham Hill ce matattararsu, har majami'ar da suka gina a can a 1874 tana nan tsaye, an mayar da ita gidan tarihi tun 1984. A yau wannan unguwa ta cika da masallatai da mahautan halal, su kuma sun matsa arewa zuwa Broughton Park da Prestwich. Iyalin da suka kira mu daga can suke, kakanninsu daga tsakiya da gabashin Turai suka zo, kuma suna cikin waɗanda suka riƙe dokokin addininsu sau da ƙafa. Sharaɗin da suka gindaya wa ubangidana shi ne lallai ya zo da mace, domin ba za su yarda namiji ya tsaya da kyamara a tsakiyar matansu suna rawa ba.

Tambayar Da Na San Za A Yi

Na san tun daga taken wannan rubutu wani zai ce: "Malama, Yahudawa fa? Da abin da ake yi wa 'yan uwanmu Falasɗinawa?" Tambaya ce mai kyau, kuma ba zan kauce mata ba. Zuciyata tana ƙuna a kan Falasɗinu kamar ta kowane Musulmi, tun daga korar da aka yi musu daga garuruwansu a 1948 har zuwa yaƙin Gaza da ya ɓarke a watan Oktoban 2023. Amma addinin da ya koya mini ƙin zalunci, shi ne kuma ya koya mini cewa ba a ɗora wa wani laifin wani. Aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana mu barin adalci saboda ƙiyayyar wasu mutane, aya ta 8 a Suratul Mumtahana kuma ta buɗe ƙofar kyautatawa ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Manzon Allah (SAW) ya yi ciniki da Yahudawan Madina, har ya bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sha'ir ɗin da ya karɓo wa iyalinsa. Budurwar da za a aurar a Manchesta ba gwamnati ba ce, ba kuma soja ba ce.

Duk da haka sai da na nemi yardar maigidana, na kuma tuntuɓi wani malami da muke sauraron karatunsa a masallacin unguwarmu. Ya tuna mini saɓanin malamai a kan hoton kyamara, sannan ya ce idan na bi fahimtar waɗanda suka halatta, to in je a matsayin ma'aikaciya, kada in shiga cikin ibadarsu, kada in taɓa giya ko in miƙa wa wani, kada kuma salla ta wuce ni. Wannan ba fatawa nake bayarwa ba, abin da aka faɗa mini ne a kan halin da nake ciki. Duk wanda irin haka ta same shi ya tambayi malaminsa.

Mene Ne Aikin Mai Hoto Na Biyu?

A babban biki, mai hoto na farko shi ne mai kwangila, shi ke tsayawa inda idon kowa yake, wato kan ango da amarya. Na biyu kuwa aikinsa ya duba inda ba a dubawa. Idan na farko yana ɗaukar hannun ango, na biyu yana kan fuskar uwar amarya. Idan na farko yana gaba da ido mai faɗi, na biyu yana gefe da ido mai jawo nesa, irin wanda ake kira 70-200. Kafin a fara sukan daidaita agogon kyamarorinsu, domin idan an zuba hotunan a kwamfuta su jeru bisa lokaci. Sannan akwai ƙa'idar da kowane mai hoto na biyu ya sani: hotunan ba nasa ba ne. Da an tashi zai cire katunan ajiya ya miƙa wa maigidan aiki, ba ya ɗora ko ɗaya a shafinsa, ba ya kuma goge komai, don tantance mai kyau da marar kyau ba huruminsa ba ne.

A cikin mota ubangidana ya ƙara mini da wasu ƙa'idoji na wannan gida. Kada in miƙa wa namiji hannu, don ba sa musafaha da matar da ba muharramarsu ba. Kada in ce ango da amarya su riƙe hannun juna kafin a ɗaura. Kada in shiga da abincin waje zauren biki, saboda dokokin abincinsu da suke kira kosha. Idan kuma ina ɗaukar hoton tebura, kada in gyara zaman buɗaɗɗiyar kwalbar giyar inabi, domin a shari'arsu idan ba dafaffiya ba ce, wanda ba Bayahude ba ya jijjiga ta, to ta haramta gare su. Sai na yi murmushi na ce masa ya kwantar da hankalinsa, tawa shari'ar ta riga tasu hana ni. Maganar musafaha kuwa sauƙi ta zame mini. A jami'a kullum sai na yi bayanin dalilin da ya sa na dafe ƙirji maimakon in ba da hannu, amma a ranar nan, tun safe har dare, babu namiji ɗaya da ya sa ni neman uzuri.

Kafin Ɗaurin Aure

Ranar Talata ce a tsakiyar hunturu. Suna son aure ranar Talata, saboda a labarin halitta na cikin Attaurarsu sau biyu aka yabi aikin rana ta uku. Ba sa ɗaurawa ranar Asabar, haka nan akwai makonni uku na bazara da suke juyayin rushewar Haikalinsu na Ƙudus, su ma ba a aure a cikinsu.

Na sami amarya a zauren mata, zaune a kan wata babbar kujera da aka kewaye da furanni, mahaifiyarta a dama, surukarta a hagu, mata suna layi suna gaishe ta. Rigarta fara ce mai dogon hannu, ta rufe wuya ta sauka har ƙasa. Leɓunanta na ga sun bushe, sai wata gwaggonta ta raɗa mini cewa azumi take yi, angon ma haka, kuma ba za su sha ruwa ba sai bayan an ɗaura. A wurinsu ranar aure ranar tuba ce da neman gafara, shi ya sa ake shiga cikinta da azumi da addu'a. Ta ce mako guda ke nan ango da amarya ba su ga juna ba. Matan aure kuwa babu wadda gashinta yake waje: wasu sun ɗaura ɗankwali, mafi yawansu sun sa hular gashi da suke kira shaitel. Da hijabina na shiga tsakaninsu, babu wadda ta ɗaga ido ta sake kallona.

A zauren maza kuma ana can ana sa hannu a takardar aure da suke kira ketuba. An kawo mini ita na ɗauka kafin a kai ta, kuma a nan ne Larabcina ya yi mini rana. Da harshen Aramiyanci ake rubuta ta, wanda shi da Ibrananci da Larabci 'yan gida ɗaya ne. Sunan ketuba kansa tushensa ɗaya da kitabu. Ango suna ce masa hatan, Larabawa kuma suna kiran suruki khatan. A cikin takardar miji yana ɗaukar alkawarin ciyarwa da tufatarwa da haƙƙin shimfiɗa, da kuma wani kuɗi da za a ba matar idan ya sake ta ko ya mutu ya bar ta, wanda asalinsa zuz 200 ne ga budurwa, 100 ga bazawara, a lissafin tsabar azurfarsu ta dā. Shaidu biyu ne ke sa hannu, maza baligai masu kiyaye addini, waɗanda ba dangin ango ko na amarya ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin nikahi zai ji ƙanshin abin da ya sani.

Can sai muka jiyo waƙar maza tana matsowa. Ango ne aka rako, mahaifinsa da surukinsa suna riƙe da shi ta kowane gefe. Ya tsaya gaban amarya, ya dube ta, sannan ya ja mayafi ya rufe mata fuska. Wannan shi ne bedeken. Suna danganta shi da ruwayarsu cewa Rifkatu ta lulluɓe fuskarta da ta hango Annabi Ishaƙa (AS). Mu a gida buɗar kai muke yi bayan an kai amarya, su rufe kai suke yi kafin a ɗaura. Ubangidana yana kan ango, ni kuma na juya kan mahaifin amarya daidai lokacin da ya ɗora hannayensa a kanta yana sa mata albarka, hawaye na bin gemunsa.

Ƙarƙashin Rumfa

Ɗaurin auren a tsakar gida aka yi shi, a sararin Allah, duk da sanyin da ake zubawa. Dokar aure ta Ingila tun ta 1753 ta keɓe Yahudawa, ta bar su su ɗaura bisa al'adarsu, shi ya sa ba a tilasta musu wani gini na musamman. An kafa rumfa ta ƙyalle a kan sanduna huɗu, ba bango ko ɗaya, suna kiranta huffa. Sun ce tana nuni da gidan da ma'auratan za su kafa, da kuma hemar Annabi Ibrahim (AS) wadda take buɗe ga baƙi ta kowace fuska. Ango ya zo sanye da farar riga marar aljihu mai suna kitel, irin wadda suke sa wa a ranar babban azuminsu, kuma irinta ake yi wa namiji likkafani da ita. An shafa masa ɗan toka a goshi. Amarya ta iso tsakanin iyaye mata biyu masu riƙe da kyandir, ta zagaya ango sau bakwai, sannan ta tsaya a damansa.

A nan ne aka ja mana kunne mafi tsanani: kada ɗayanmu ya shiga tsakanin shaidu da hannun amarya. Zoben da ango zai sa mata dole ya zama mallakinsa, sumul ba dutse a jikinsa, kuma a yatsan manuni na hannun dama ake sa shi. Idan shaidun nan biyu ba su gani da idonsu ba, auren bai ɗauru ba. Ke nan a wurin nan idon shaida yana gaba da idon kyamara, kuma mai hoton da ya tare hanya don neman hoto mai kyau zai iya ɓata abin da aka taru dominsa. Na ja da baya na tsaya bayan sandar rumfa, na ɗauki abin da ya samu daga nan.

Bayan zobe aka karanta ketuba da ƙarfi aka miƙa wa amarya, sai aka bi da addu'o'in albarka guda bakwai, waɗanda ba a karanta su sai da maza goma a wurin. Daga ƙarshe aka ajiye kofin gilashi a naɗe cikin ƙyalle, ango ya take shi ya fashe, domin tuna rushewar Haikali a hannun Rumawa a shekara ta 70 miladiyya. Nan take wuri ya kaure da "mazal tob", wato barka da arziki. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda suka cusa tunanin mutuwa da rashi a tsakiyar farin ciki: azumi, likkafani, toka, fasasshen kofi. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, ban kuma ce amin ga addu'ar da ba tawa ba, amma na gane mutanen da suka ɗauki aure da nauyi.

Ƙofar Da Aka Rufe

Daga rumfa aka wuce da ango da amarya wani ɗaki, shaidu suka duba suka tabbatar babu kowa a ciki, aka rufe ƙofa, suka tsaya a bakinta suna gadi. Suna kiran wannan yihud, kalmar da tushenta ɗaya da wahid, ma'ana keɓewa. A ciki za su buɗe baki, su yi maganarsu ta farko a matsayin miji da mata. Mintuna kaɗan ne, amma babu uwa, babu ƙawa, babu mai hoto. Ubangidana, wanda ya shekara da shekaru yana kutsawa ko'ina da kyamara, ya rataye tasa a kafaɗa ya jingina da bango yana jira.

A tsakiyar hunturu rana kan faɗi a Manchesta kafin ƙarfe 4 na yamma, don haka magariba ta riske ni a nan. Na je wurin gwaggon nan na ce, "Mama, ko akwai inda zan yi salla?" Ba ta tambaye ni komai ba, ta kama hannuna ta kai ni ɗakin da mata suka rataye rigunan sanyinsu, ta ce, "Yi a nan, 'yata, zan tsaya miki a ƙofa." Da na idar na fito, sai na hangi mazansu sun taru a wani lungu suna tasu ibadar ta dare, sun fuskanci kusan inda na fuskanta, domin daga Ingila Makka da Ƙudus duk kudu maso gabas suke. Na tuna cewa Musulmin farko sun yi wata goma sha shida ko sha bakwai a Madina suna kallon Baitul Maƙdis kafin Allah Ya juyar da su zuwa Ka'aba.

Kafin a shiga cin abinci aka kira ni in ɗauki kakar amarya tare da 'ya'yanta mata da jikoki da tattaɓa-kunne. Sai da na hau kujera kafin su shiga hoto ɗaya. Gwaggo ta ce mini tsohuwar nan tana cikin yara kusan 10,000 da aka kwaso zuwa Birtaniya a 1938 da 1939 don tserar da su daga 'yan Nazi, ta zo ita kaɗai, iyayenta ba su biyo ta ba har abada. Abin da ya rage mata na mahaifiyarta hoto ne guda ɗaya tak. Tun daga nan na daina ganin abin da ke hannuna a matsayin abin wasa.

Bayan Labule

Zauren walima an raba shi biyu da dogon labule da suke kira mehitsa, maza a ɓangare guda, mata a ɗaya. Makaɗa da mawaƙa duk maza ne, suna can ɓangarensu, don a wurinsu mace ba ta rera waƙa a gaban mazan da ba nata ba. Da amarya ta shigo, matan nan masu natsuwa da na gani da rana suka rikiɗe. Suka riƙe hannun juna suka yi da'ira cikin da'ira, tsofaffi da 'yan mata, suka ɗaga amarya a kan kujera, suna tsalle suna dariya har da hawaye. Sun saki jiki ne saboda sun san babu idon namiji a wurin. Ido ɗaya ne baƙo a cikinsu, shi ne wanda ke hannuna.

Ana cikin haka, ina danne da maɓalli kyamara tana ɗauka a jere, sai hannun wata ya sarƙe da hular gashin yayar amarya, hular ta zame, kanta ya bayyana. Kafin ƙiftawar ido mata huɗu sun kewaye ta da jikinsu har ta gyara, ni ma na sauke kyamara ƙasa. Bayan rawa ta lafa sai ga ta ta zo gefena, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce, "'Yar uwa, ya shiga?" Na duba, hotuna uku sun kama. Gashin da tun ranar aurenta babu namijin da ya gani sai mijinta, ga shi a cikin katin da zan miƙa wa wani namiji a daren nan.

Ƙa'idar aiki ta ce kada in goge komai, kuma ina buƙatar aikin. Amma ƙa'idar an kafa ta ne don kare haƙƙin masu biki, wannan kuwa mai haƙƙin ce da kanta a gabana. Na nuna mata, na goge su tana kallo, ta sauke ajiyar zuciya ta juya za ta tafi. Sai na ce ta dakata. Irin wannan kyamara kati biyu take rubutawa a lokaci guda, don in ɗaya ya lalace ɗaya ya tsira. Ita ba ta san da na biyun ba, kuma da na yi shiru babu wanda zai sani a zauren nan sai Allah. Na buɗe shi na goge su a nan ma. Ta riƙe hannuna da hannayenta biyu, ba ta ce komai ba, ta koma cikin 'yan uwanta.

Da dare ina miƙa wa ubangidana katuna na gaya masa zai ga lamba uku sun yi tsalle, na kuma faɗa masa dalili ba tare da na ambaci ko wace ce ba. Ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya gyaɗa kai ya sa katunan a aljihu, ya ce gobe matarsa ce za ta buɗe na ɓangaren mata.

Mu Dawo Gida

'Yan uwana, ku kwatanta wannan da abin da ke faruwa a bukukuwanmu. Mata za su taru a wurin kamu ko yini, a cikin gida, an rufe ƙofa, kowa ta ajiye mayafi don ta san tsakanin mata take. Sai wata ta ɗaga waya. Kafin a watse, matar wani tana rawa a WhatsApp, gobe tana Instagram da TikTok, dubban mazan da ba ta sani ba suna kallo suna tofa albarkacin bakinsu. Wadda ta ɗauka ba maƙiyiya ba ce, ƙawa ce ko ƙanwa, kuma in ka tambaye ta za ta ce ai murna ce. Sau nawa muka ji irin wannan ya haddasa rigima tsakanin miji da mata, ko ya sa an fasa neman wata?

Ya zo a cikin Sahihul Bukhari, daga Abdullahi ɗan Mas'ud (RA), cewa Manzon Allah (SAW) ya hana mace ta riƙa zayyana wa mijinta surar wata matar da ta gani. Idan zayyanawa da baki ga mutum ɗaya an hana, ina ga bidiyon da aka watsa wa duniya? Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to hoton da ya hau intanet ya fi ta wuyar dawowa, don ko ka goge naka, ba ka da iko da wanda wani ya sauke.

Abin da nake roƙonmu ba mai wahala ba ne. Kafin ki ɗaga waya a taron mata, ki nemi izini. Idan an ba ki izinin ɗauka, ki sani ba a ba ki izinin yaɗawa ba, wannan tambaya ce ta daban. Idan kin ga mayafin wata ya zame, ki sauke wayar ki tare ta da jikinki. Idan wata ta ce ki goge, ki goge har da kwafin da ba ta san da shi ba. Kai kuma ɗan uwa, idan irin wannan bidiyo ya faɗo wayarka, ya mutu a hannunka, kada ka tura gaba. Masu shirya biki su nemi mace ta ɗauki ɓangaren mata, ga 'yan matanmu nan da yawa da suka iya, kuma sana'a ce ta halal da za ta rufa musu asiri. Su kuma ango da amarya a bar musu abin da yake nasu su kaɗai. Ba kowane motsi na daren farko ne na jama'a ba.

Kammalawa

Ban je bikin nan don in koyi addini ba, alhamdu lillahi muna da namu cikakke. Sai dai na ga mutanen da suka riƙe dokar suturarsu a tsakiyar Turai ba tare da jin kunyar kowa ba, har suka sa Bature mai kyamara ya bi ta, suka kuma amince wa baƙuwa mai hijabi da abin da suka ɓoye wa mazan danginsu. Mu da aka saukar wa Suratun Nur, mu ne muka fi cancanta da wannan kishi.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya sa mu zama masu rufa asirin 'yan uwanmu, Ya tsare idanunmu da hannayenmu daga cin amana. Ya kawo wa 'yan uwanmu Falasɗinawa da duk wanda ake zalunta mafita, Ya shiryar da mu baki ɗaya zuwa ga abin da Ya yarda da shi. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.